Ya Kellu da Direban da Bai Iso Gida Ba

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Ya Kellu da la'asar ya san ba a fara karatu sai an zuba garwashi a kasko. Ko da waya tana hannunka, sabon shafi ya sauka, ranka yana ta ƙaiƙayin son jin abin da ya faru, dole ka jira. Sai ta gyara lafayarta, ta jawo kaskon gabanta, ta buɗe kwalbar turaren wutan nan da ba ta sayar wa kowa, ta ɗebo da yatsu biyu kamar mai ba jariri magani, ta barbaɗa. In hayaƙi ya miƙe, sannan ta ce, "To Bintu, shigo da su."

Ranar farko na ce, "Su wa, Ya?"

"Mutanen labarin mana! A gidan ubanki na Kano ne ake karɓar baƙi ɗaki yana warin daddawa?"

In labari ya yi mata daɗi, sai ta ƙara turare. In ya karkace, ba ta katse ni, faranti kawai take ɗauka ta kife a kan kaskon, ta juya fuska bango. Ku 'yan Tasha kun fi kowa sanin wannan, don har ta kai in marubuci ya saki shafi ba ya tambayata ko ya yi daɗi, sai dai ya biyo ni ta gefe ya ce, "Anti Bintu, ta kife?"

Saboda sababbin shiga, bari in ɗan koma baya. Ya Kellu yayar mahaifiyata ce, mai haɗa turaren wuta da humra a Gamboru, nan cikin Maiduguri. Alƙur'ani tana karanta abinta, amma boko ta ce rubutun tafiyar tururuwa ne, shi ya sa ni ce idonta a waya. Aisami Direba kuwa wasan kwaikwayo ne da ake sakawa a rediyo muna yara. Aisami yana da wata tsohuwar babbar mota mai suna Ba Gaggawa, yana ɗauko bandar kifi daga Baga ya kawo Maiduguri. Ga rowa, ga tsoron matarsa Yagana, ga hira da mota kamar da mutum. Ranar ƙarshe da aka sa wasan, ya gama lodi ya kamo hanyar gida, mai gabatarwa ya ce mu haɗu mako mai zuwa. Makon nan bai zo ba. Shekarun nan ne da kowa ya sani, da aka rufe hanyoyi aka hana fita, 'yan wasan kowa ya kama gabansa.

Da gari ya lafa, waya ta shiga hannun kowa, sai waɗanda suka ji wasan suna yara suka buɗe zaure a waya suka sa masa suna Tasha. Kowa ya ɗauki Aisami da Yagana ya ɗora nasa labarin daga inda rediyo ya tsaya, shi ne muke ce wa ɗori. Ranar da Ya Kellu ta ji ina karanta wani ina dariya ni kaɗai, ta ce in ɗaga murya. Tun daga nan ban sake mallakar la'asar ɗina ba.

Buri ɗaya ne da ita, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Cewa take, "Ni na roƙi Allah kada ya ɗauke ni sai na ji Aisami ya iso gida." Dalilin ma kowa ya sani. Ƙaninta, Kawu Bakura, ya hau hanya a shekarun nan da buhunan barkono, har yau ba shi ba labarinsa. Ta taɓa ce min, "Wancan ba ni da iko a kansa, na bar wa Allah. Wannan kuwa a hannun yara yake, kuma yara ana iya yi musu tsawa."

Tsawa kuwa sun sha ta.

Wadda ta fara sha ita ce Hafsa, wata yarinyar Kano mai saurin hannu, da take sakin shafi kamar ana korarta. A nata ɗorin, ashe Aisami ɗan wani attajiri ne da aka sace tun yana jariri. Uban ya gano shi a hanya, aka ba shi jif baƙa wul, ya zama dogo fari mai saje, yana ƙamshin turaren Dubai. Da ya kira Yagana a waya sai ya ce mata, "Bebi, na yi kewarki." Ina kai nan na ji ƙarar faranti. Ya Kellu ta miƙo hannu ta ce in danna mata wurin magana.

Kun san saƙon muryarta. Sai ta gama gaisuwa tsaf kafin ta yanka mutum. "Wushe, wushe 'yata. Ina gajiya, ina gida, ina mamanki, yaya zafi, yaya karatu? Madalla. To ke don girman Allah, wa ya cuce ki? Aisamin da ke raba goro gida huɗu ya ɓoye uku a hula, shi ne da turaren Dubai? Yagana da ta aurar da 'ya, ita ce bebi? Da ya ce mata bebi, wallahi da muciya za ta amsa masa!"

Hafsa ba ta san da wa take yi ba, ta maido amsa. "Ya, ai labari ne. Masu karatu haka suke so, in babu kyau da dukiya ba sa tsayawa."

"To ki haifi naki mutumin, ki sa masa har fiffike, ba mai hana ki. Wannan namu ne, mun san shi tun ba a haife ki ba. Aro kika yi, kuma ba a rina kayan aro."

Hafsa ta yi fushi ta fice daga Tasha, aka bi ta da ban baki ta dawo. Ta saki shafi, attajiri ya gano kuskure ya yi, ba ɗansa ba ne, ya karɓe jif ɗinsa, Aisami ya koma Ba Gaggawa. Na karanta ina satar kallon faranti. Ba ta taɓa shi ba, amma kuma ba ta ƙara turare ba. Ta ce in danna.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Sajen fa?"

Shafi na gaba ya buɗe da Aisami zaune a gaban wanzami.

Kada wani ya ɗauka komai kushewa take yi. Akwai Mala, wani ɗalibi ɗan Moduganari, da ya rubuta shafi guda cur wanda babu abin da ya faru a ciki. Aisami ne kawai ya tsaya wurin mai shayi a bakin hanya, ya sha rabin kofi, ya ce shayin ya yi kauri a ƙara masa ruwan zafi, ya sake shan rabi, ya ce yanzu kuma ya tsinke a ƙara masa madara. Haka suka yi ta yi da mai shayin har rana ta karkata. Ya Kellu ta yi dariya har tana share hawaye da bakin lafaya, ta sa na maimaita, ta kuma ƙara turare har sau biyu. Ni da na san yadda take ririta kwalbar nan, sai da na leƙa fuskarta ko lafiya.

Na ce, "Ya, ai babu abin da ya faru."

"Wa ya ce miki don abin da zai faru nake saurare? Kewarsa nake yi. In kin je gaishe da ɗan'uwa, sai ya faɗa rijiya kafin ki ce kin ji daɗin ziyara? Wannan yaron ya san Aisami."

Na kai wa Mala labari, kuma da na sani da na yi shiru, don kansa ya kumbura nan take. Ya rubuta shafi na biyu, mota ta lalace, Aisami ya shige ƙarƙashinta da sifana, sai Mala ya tsaya a nan ya sanar cewa ba zai ci gaba ba sai ya ga sharhi ya cika Tasha. Wai shi ba zai riƙa ɓata yatsunsa mutane suna karantawa a ɓoye kamar ɓeraye ba.

Duk Gamboru an san Ya Kellu ba ta gyara. In ta auna maka turare, ko ƙwaya ɗaya ta faɗi a tire sai ta tsince ta mayar kwalba. Amma washegari sai ga ta tana ce wa mai saye, "Kina da waya? Bintu za ta sa ki a wani wuri, ki yi magana, in yi miki gyara." Labari ya zaga kasuwa cewa Ya Kellu ta fara gyara, wasu suka zo don su gani da idonsu kawai. Matan da ba su taɓa jin sunan Aisami ba suka cika Tasha.

"Me zan ce, Ya Kellu?"

"Ki ce Allah ya ƙara basira."

Sai dai ba kowa ta tsaya ta ji ba. Wata tsohuwa ta zaci haihuwa aka yi, ta aika da "Allah ya raya." Wata ta ce, "Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki." Wata kuma tallar zannuwan gadonta ta saka ta fita. Tasha dai ta cika maƙil. Muna zaune muna jira, garwashi ya kama, sai ga saƙon Mala: yana godiya ƙwarai da ƙauna, amma jarrabawa ta matso, sai bayan hutu.

Ya Kellu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ya bar min bawan Allah a ƙarƙashin mota!"

Hutu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, Mala shiru. Matan kasuwa kuwa duk wadda ta dawo sayen turare sai ta ga awo ya ɗan rame. In ta yi magana, Ya Kellu ta ce, "Gyarana na cire, aikin bai yi ba." Shi kuwa Mala ba ta taɓa yafe masa ba. Ko a ina suka haɗu, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ka fito da shi?" Da ya tashi aure ya kawo mata kati da kansa, ta je, har da kwalbar humra mai kyau ta kai wa amarya. Ta kama hannun yarinyar a gaban dangi ta ce, "'Yata, yaron kirki ne, ba ya shaye-shaye. Amma ki sa ido, yana fara abu ya bari."

Babban abin da ya sa har waɗanda ba sa Tasha suka san mu shi ne na Zara. Zara ta Galtimari ta fi kowa iya rubutu, wannan ko Ya Kellu ba ta musa ba. Ta ɗauko Aisami tiryan-tiryan, da rowarsa da komai, har ya kusa gari, muna ta murna. Sai rannan, wai don ta taɓa zukatan masu karatu, ta sa taya ta fashe, Ba Gaggawa ta ƙwace ta faɗa rami, aka zaro Aisami ba rai.

Ban ƙarasa layin ba Ya Kellu ta saki salati da ƙarfi. Maƙwabciyarmu Ya Amsa ta leƙo ta katanga. "Lafiya? Waye?"

"Aisami. Hatsarin mota, a hanyar Baga."

A garin nan in aka ce hanya ta ci mutum, ba a tambaya ta biyu. Ya Amsa ta saki nata salatin ta zura takalmi. Kafin gari ya waye sosai an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata suna shigowa da kwanuka, maza sun zauna a ƙofar gida. Na ja Ya Kellu ɗaki na ce, "Ya, don Allah mu faɗa musu."

"Mu faɗa musu me? Bai mutu ba?"

"Ya mutu, amma..."

"To kawo min carbina, ki ɗora ƙosan sadaka."

Da hantsi Goni, limamin layinmu, ya yi sallama ya tsaya daga bakin zaure don ya yi wa mata gaisuwa. Ya yi addu'a mai tsawo aka shafa, sannan ya ce, "Hajiya Kellu, ki gafarce ni, Aisami na gidan wa?"

"Mijin Yagana."

Kun san garinmu. Kusan rabin matan da ke kan tabarma suka ɗago kai, don duk Yagana ne. Ɗaya daga cikinsu, wadda mijinta ma Aisami ne, tela a Moduganari, ta zabura ta hau kiransa a waya. Ya ɗauka muna jin ƙarar kekensa, yana tambaya ko ta ɗora abinci.

Goni ya ce, "To yaushe za a kawo gawa a yi sutura?"

"Sai abin da Zara ta ce."

"Zara ma'aikaciyar asibiti ce?"

"A'a. Ita ta kashe shi."

Na ga wani dattijo a bayan Goni ya fara laluben waya a aljihu, na tabbata in na ƙara jinkiri 'yan sanda za su kwana a Galtimari. Na fito na durƙusa, na yi bayani tun daga rediyo har zuwa Tasha. Goni ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Hajiya Kellu, ki ji tsoron Allah! Mutumin rediyo kika sa na yi wa addu'a?"

"Ni na aika a kira ka?"

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, sai gida ya ɗauka, har Goni ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Da aka lafa sai ya ce, "To, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Tunda an taru, a sake ɗaga hannu. Duk wanda yake da wanda ya hau hanya bai dawo ba, ya ambaci sunansa." Nan na ji sunaye suna fita ƙasa-ƙasa daga kowace tabarma, kusan ba bakin da bai motsa ba. Ya Kellu ta ce Bakura. Aka yi kuka na gaske, aka shafa, aka cinye ƙosai tas.

Washegari uwar Zara ta kawo ta har gida ban haƙuri. Zara ta yi alkawarin gyarawa, ta kuma gyara a ranar: ashe Yagana ce take mafarki. Faranti ya sauka da ƙarfin da sai da garwashi ya yi tsalle.

"Mafarki? Ni a mafarki na soya ƙosai?"

Zara ta sake lale, ta ce wani direba ne ya ari rigar Aisami, shi ne ya mutu.

"Shi kuma wancan ba shi da uwa?"

A karo na uku ne aka daidaita. Ba wanda ya mutu, suma ya yi, ya farfaɗo a asibiti, kuma kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce wa aka bari yana gadin kifin. Ya Kellu ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu na ji muryarsa." Amma Zara ta tsorata da alƙalami, ta ce ita ta tuba, ta bar shi kwance a gadon asibiti. Haka dai aka yi ta yi. Wannan ya bar shi a shingen bincike, wancan ya kai shi Saudiyya, wata ta ce aljana ta aure shi. Kowa ya ɗauko shi, ba wanda ya sauke shi a ƙofar gida.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita ta daina fita kasuwa, jiki ya fara ja baya, sai rannan ta ce min, "Bintu, kin karanta na kowa, kin ji faɗan da na yi wa kowa. Ke za ki kawo shi."

Na ce ni ban taɓa rubutu ba. Ta ce su ma da suka taɓa me suka tsinana. Na fara, na sallamo shi daga asibiti, na tayar da Ba Gaggawa, na ɗora shi a hanya. Abin ya zo min da sauƙi har ina mamaki. Amma ranar da na ga ya fara hango fitilun gari, sai na dakata. Na tuna roƙon da take yi kullum, na dube ta a kwance ta rame, wuyan hannunta kamar na yarinya. Na san ajali ba a hannun kowa yake ba, an koya min tun ina allo. Duk da haka tsoro ya kama ni, na ga kamar in ya iso ita kuma za ta tafi. Ina sonta, ban shirya ba.

Don haka na fasa masa taya. Da ya yi faci, na sa radiyeta ta tafasa. Da ta huce, na kawo garken shanu suka tare hanya. Na karya gada, na sa mai ya ƙare, na sa ya manta hularsa a wurin mai shayi ya koma ɗaukowa, wanda dai kowa ya san zai iya. Na sake fasa taya. 'Yan Tasha kuka fara ƙorafi, wasu suka fice, Hafsa ta rubuta cewa ko a ƙafa yake tafe ya ci a ce ya iso. Ban kula ku ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Wata la'asar ina cikin karanta mata faci na ban san adadi ba, ta ɗaga hannu.

"Bintu, motar nan tayoyinta nawa ne?"

Na kife wayar a cinyata.

"Tun ina yarinya nake ganin manyan motoci, ban taɓa ganin mai tayoyi kamar ƙafar shanshani ba. Zo nan." Na matsa bakin gado. "Kin zaci ban gane ba? Tsoro kike ji in ya iso in mutu."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa min kai tana cewa kitson nan ya tsufa. Sannan ta ce, "Kawo shi gida, 'yata. Ya gaji, Yagana ta gaji, ni ma na gaji."

Na zauna na rubuta, na zuba duk abin da na iya. Unguwa ta fito da guɗa, Yagana ta fito a guje ta faɗi sumammiya, Aisami ya durƙusa yana kuka yana jawabi a kan shekarun rabuwa. Ni kaina ina rubutawa ina hawaye. Da na karanta mata, ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya mutu kuma?"

"Ba kowa, Ya. Murna ce."

"Yagana ce za ta suma a gaban maƙwabta? Aisami ne mai jawabi? Ke ma kin shiga sahunsu. Goge. Rubuta abin da zan faɗa miki."

Ga abin da ta faɗa, kuma shi ne kuka karanta a Tasha da sunana, yau na mayar wa mai shi. Aisami ya tsayar da Ba Gaggawa a ƙofar gida, ya kashe ta, ya ɗan bubbuga sitiyari ya ce mata sannu. Ya sauko ya zaga ya ƙirga kwalayen kifi. Ya yi sallama. Yagana tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta tashi ba, rariyar ce kawai ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Ka daɗe." Ya ce, "Hanya ce." Ta tura masa buta da ƙafa ta ce, "Wanke ƙafarka kafin ka taka min tabarma."

Na karanta mata daga farko har ƙarshe. Tana kallon rufi, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Can ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdulillahi. Ko ɗaya dai ya iso."

Da asuba na shiga ɗakinta a kan yatsun ƙafa. Na tsaya a kanta ina duban ko zanen yana motsi. Sai na ji an ce, "In kin gama leƙen, a kawo min kunu. Ke a tunaninki Mala'ika jiran wayarki yake?"

Ta ƙara ganin azumi, ta yi Sallah da mu, ta ci nama fiye da yadda likita ya yarda. Ta sa na nemo mata wani zauren da ake ɗorin wani labarin daban, ta shiga ta hau su da faɗa, yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ranar da ta tafi, da hantsi ne, bayan ta yi walaha, ba tare da ta wahalar da kowa ba. A wurin zaman makoki, Goni yana shigowa ya dube ni ya ce a hankali, "Bintu, wannan karon da gaske ne ko?" Muka yi dariya muna kuka, ni da shi da Hafsa da ta taso tun daga Kano, da Zara, da Mala da matarsa.

Ya Kellu, kin hana mu barin mutum a hanya. Allah ya sa ke ma kin isa gida lafiya, ya yalwata miki makwanci, ya yafe miki kurakuranki, ya sa a tarbe ki da lale marhabin. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.